Fatakar da aka wanke da liyari mai tabo: yadda aka kaya a zauren masu tara tsofaffin kuɗi

Baban Hanifa, Zariya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Admin ne ya ba ni izinin kawo maganar nan fili, tunda ta bayan fage ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Makon jiya na sama Alhaji Mai Kayan Da ya sa hotunan kuɗi a nan, na ɗauki guda biyu: fatakar azurfa ta 1913, wato tsohon kuɗin sule biyu na zamanin Turawa, mai bishiyar kwakwar manja a baya, naira 60,000, da liyari, wato dalar azurfar nan mai kan sarauniyar Ostiriya Mariya Teresa, naira 90,000. Na tura 150,000 cif, na ƙara 4,000 kuɗin mota. Direba ya miƙo min su a Kwangila cikin kwalin ashana, an naɗe da salatif.

Fatakar da na gani a hoto baƙa-baƙa ce, irin dafewar da azurfa ke yi in ta daɗe a ajiye, ganyen kwakwar nan kana iya ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya. Wadda na buɗe kuwa ƙyalli take kamar sabon cokali. An goge ta. In ka karkata ta a rana sai ka ga karce sirara sun zagaye fuskar Sarkin Ingila Joji kamar saƙar gizo. Liyarin kuma a gefensa, daidai saman kan matar, akwai tabon liƙi inda aka taɓa manna masa kunne, aka cire, aka bi wurin da magagari. Hoto ya nuna gaba da baya, bai nuna gefe ba. Na ce a karɓi kaya a maido min kuɗina, Alhaji ya ce an sallama, an gama. Ina ganin girman Alhaji, ya haife ni. Amma 150,000 ba a bakin hanya na tsinta ba.

Admin:
Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya sa baki: ba zagi, ba kiran wani maha'inci. Alhaji yana cikin zauren nan tun ranar da aka buɗe shi. A bar shi ya yi magana tukuna.

Alhaji Mai Kayan Da, Kano:
Salamu alaikum. Ɗana Baban Hanifa, da ka bari mun ƙarasa a waya da ya fi. Amma tunda ka kawo nan, to, a ji.

Fataka dai ita ce wadda ka gani, ban musanya ba. Ka duba hotona na farko, akwai ɗan lotsawa kusa da lambar 3 ta shekara, ka duba ta hannunka za ka same shi. Da kuɗinka suka shigo na ce wa yaron shago kada a aika wa mutum kaya da datti, ya sa toka da lemon tsami ya wanke ta tas. Karramawa na yi maka, ko sisi ban ƙara maka a kai ba. Shekarata talatin da wani abu ina wannan sana'a, Turawa masu yawon buɗe ido da ke shigowa Kurmi a da, mai ƙyalli suke fara ɗauka. Yau kuma an ce wanki laifi ne?

Liyari kuwa, a nuna min wanda ya zauna a ƙasar Hausa shekara da shekaru ba a taɓa rataya shi a wuyan mace ko a jikin kayan doki ba. Haka suke zuwa. Sannan kwana tara kaya suna hannunka kafin ka ce uffan a kansa.

Ɗan Aji Uku:
Ku gafarce ni manya, ni sabo ne a nan. Ni fa ban ga laifin Baba Alhaji ba a kan fataka. An ba ka abu a wanke, kana kuka? Ni duk tsofaffin kwabban kakana da makilin na goge su, sun yi kyau abinsu.

Dokta, Birmingham:
Inna lillahi. Ɗan Aji Uku, ajiye makilin ɗin nan, don Allah kada ka sake kusantar sauran.

Bari in yi bayani, domin na ga ba kai kaɗai ba ne. Lokacin da injin buga kuɗi ya danna ƙarfe, ƙarfen yakan malala daga tsakiya zuwa gefe, ya bar wasu layuka da ido ba ya gani. Su ne ke sa sabon kuɗi ya riƙa juya haske in ka karkata shi. Wannan fatar ta sama siririya ce ƙwarai, kuma sau ɗaya ake yin ta, ranar bugu. Baƙin da azurfa ke yi daga baya yana zaune ne a kanta, har yana kare ta. Lemon tsami yana cinye baƙin, toka kuma yashi ce mai laushi, tana kankare fatar. Abin da ya rage ƙyalli ne na tukunya, ba na gidan buga kuɗi ba, kuma babu maƙerin da zai iya maido da na farkon.

A nan waje akwai kamfanonin da aikinsu kawai duba lafiyar kuɗi, manyansu PCGS da NGC na Amurka. Suna ba da maki daga 1 zuwa 70, ma'aunin da wani William Sheldon ya fito da shi a 1949. Kuɗin da aka goge ba sa ba shi maki ko kaɗan, sai dai su rubuta a jikin robar cewa na gaske ne amma an wanke shi. A gwanjon da nake bi, da zarar an ga wannan rubutu sai masu tayi su ja baya. Alhaji, ranka ya daɗe, na yarda da zuciya ɗaya ka yi. Amma garin neman gira aka rasa ido.

Af, Baban Hanifa, duba min ƙasan bishiyar. In ka ga ɗan ƙaramin H, a garin nan da nake zaune aka buga ta, a masana'antar Heaton.

Baban Hanifa, Zariya:
Akwai H ɗin, Dokta. Shi ya ƙara min takaici ma.

Na Kantin Kwari:
Ni ɗan kasuwa ne, ba na tara kuɗin da, na yanzu nake nema. Amma ciniki ciniki ne ko na atamfa ko na anini. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka sayi abin da ya shekara ɗari da goma sha wani abu yana yawo a hannun mutane, sannan ka zo kana neman sa kamar yau aka ɓare shi daga leda? Kuma wa ya aike ka cinikin biri a sama? Zariya zuwa Kano tafiyar awa nawa ce? Da ka hau mota ka zo ka juya abinka a tafin hannu, da duk wannan ba ta taso ba. In kowa zai riƙa dawo da kaya bayan kwana tara, wallahi ba mai buɗe shago.

Dokta, Birmingham:
Na Kwari, ba tsufa yake ƙorafi a kai ba, tsufan ma ya biya kuɗi ya saya. In mutum ya zaɓi turmin atamfa a hoto, ya biya, kai kuma don karramawa ka sa aka jiƙa ta a ruwan bilic kafin ka aika, za ka ce masa rariya ya saya?

Na Kantin Kwari:
Wannan kuma daban.

Dokta, Birmingham:
Ina bambancin?

Hajiya 'Yar Damagaram:
Sallama gare ku. Ni a kan liyari zan yi magana, don shi na sani tun ina yarinya. Gaskiyar Alhaji, yawancin waɗanda ke hannun mutane a nan an taɓa yi masu kunne ko an huda su. Kakata tana da guda bakwai a zare ɗaya, ranar biki kaɗai take fiddo su, wasu kuma maƙera suka mayar da su zobe. Mu nan har gobe sefa biyar dala muke ce mata. To amma Alhaji, don abu ya zama ruwan dare ba shi ke sa a yi shiru a kansa ba. Mu mata in za mu sayi ɗan kunnen zinariya na hannu, mai sayarwa kan ce, Hajiya ga inda aka taɓa liƙe shi. In ta faɗa, sai in saya da sanina, in rage abin da zan rage. In ba ta faɗa ba na gano a gida, ko da liƙin bai fi ƙwayar gero ba, raina ya riga ya ɓaci, don zan ce me kuma ta ɓoye?

Kuɗi fuska uku gare shi, gaba da baya da gefe. Liyari ma rubutu ne da shi a gefen. Wanda ya ɗauki hoton biyu ya bar ɗaya, bai gama nunawa ba.

Alhaji Mai Kayan Da, Kano:
Hajiya, ranki ya daɗe, ban ɓoye ba. Ban ɗauka abin faɗa ba ne. Da ya tambaya da na gaya masa.

Baban Hanifa, Zariya:
Alhaji, na tambaya. Ga saƙona na ranar nan: "Ba wata matsala a jikinsu ko?" Ga amsarka ta murya, daƙiƙa shida: "Lafiya ƙalau suke, ka saya kawai." Na tura wa Admin duka biyun.

Alhaji Mai Kayan Da, Kano:
To ai lafiya ƙalau suke! Ba jabu ba ne, ba su karye ba, ba su lanƙwashe ba. Abin da nake nufi ke nan.

Admin:
Na saurari saƙon, haka yake. Kun ga inda gizo ke saƙar. "Lafiya ƙalau" a bakin Alhaji tana nufin azurfa ce ta gaske. A kunnen Baban Hanifa tana nufin ba a taɓa ta ba. Wannan shi ne karo na huɗu da kalmar nan ta haɗa mutane faɗa a zauren nan, waccan karon a kan takardar fam ɗaya ce da aka yi wa guga. Allah gafarta Malam, kana kusa?

Malam Na Tudun Wada:
Ina nan, ina karantawa. Bismillah. Ba hukunci zan yanke ba, ba alƙali ba ne ni, abin da na karanta zan faɗa.

Asalin babin nan hadisin nan ne da Muslim ya ruwaito: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani? Ku lura, mutumin nan ba shi ya jiƙa abincin ba, ruwa ne. Laifinsa rashin nunawa. Don haka Alhaji, ba a ce kai ka liƙa wa liyari kunne ba, wataƙila an yi tun ba a haife ka ba. Amma bayyana aibi wajibi ne a kan mai sayarwa in ya san shi, ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

Mene ne aibi? Malamai suka ce shi ne abin da ke rage ƙimar kaya a al'adar masu wannan harka. Ba al'adar masu yawon buɗe ido ba, ba ta 'yan Kwari ba, ta masu tara kuɗi, tunda a zaurensu aka yi tallan. In su suka ce tabon liƙi yana rage farashi, to aibi ne. Wanda ya sami aibin da ya riga ciniki, yana da zaɓi: ya riƙe a haka, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa.

Maganar kwana tara kuma, ana lissafi ne daga ranar da ya gani, ba ranar da ya karɓa ba. In ya gani ya yi shiru ba uzuri, ko ya ci gaba da amfani da kaya kamar ya yarda, zaɓinsa ya faɗi. Baban Hanifa, yaushe ka ga tabon?

Fataka ma ta fi sauƙi. An sayar da ita ba ta gaban mai saye, a kan siffar da hoto ya nuna. Irin wannan kaya yana wuyan mai sayarwa har ya isa hannun mai saye, balle a ce da hannun yaronsa aka canza ta.

Akwai wata mas'ala da ta fi damuna, sayen azurfa da kuɗi alhali ba hannu da hannu ba. Amma wannan zama ne na daban.

Baban Hanifa, Zariya:
Allah ya saka da alheri Malam. Fataka a rana ta biyu na yi wa Alhaji magana, ya ce ai gyara ne. Liyari kuwa sai rana ta takwas, da na kai wa maƙerin azurfa ya gwada min, shi ya nuna min da farce. Washegari na kira.

Alhaji Mai Kayan Da, Kano:
Madalla. Tunda an zo wajen bayyana gaskiya, a bayyana duka. Ku buɗe hoton fatakar da ya sa yau da safe, ku ja shi ya girma. Kun ga wani shuɗi-shuɗi da ja-ja a bayan kan sarkin, kamar mai ya zuba a ruwa? Fatakar da ta bar shagona fara ce sol. Wannan dabbare-dabbaren daga ina?

Ɗan Maƙera:
Na gani tun ɗazu, na yi shiru ne. Wannan aikin ƙwai ne.

Ɗan Aji Uku:
Ƙwai kuma? Na kaza?

Baban Hanifa, Zariya:
To. Ba zan yi ƙarya ba. Da Alhaji ya ƙi sauraro na, raina ya ɓaci, na ga wani bidiyo a YouTube cewa in ka dafa ƙwai ka farfasa shi, ka sa a leda tare da azurfa ka ɗaure, baƙin zai dawo. Na yi a rana ta biyar. Bai dawo yadda yake ba, sai ya yi wannan kalar. Na yi niyyar faɗa.

Na Kantin Kwari:
Allahu akbar! Ka yi niyyar faɗa yaushe, bayan alat ya shigo? Alhaji ya sa toka, kai ka sa ƙwai, saura gishiri da mai a ci da burodi. Jama'a kun ga abin da nake faɗa. Mai saye ma ba mala'ika ba ne.

Admin:
Na Kwari, a sassauta. Ya amsa da bakinsa, ba kowa ke yi ba. Amma Baban Hanifa, gaskiya da ka sa wannan a saƙonka na farko. Ka zo kana ƙarar an ɓoye maka gefe, kai ma ka ɓoye naka.

Ɗan Maƙera:
Bari in ƙara haske a matsayina na wanda ya gaji wuta da azurfa. Abin da ke cikin dafaffen ƙwai mai warin nan, shi ke baƙanta azurfa. Abin da iska ke yi a hankali cikin shekara hamsin, ƙwai na yi cikin awa ɗaya, shi ya sa yake fitowa dabbare-dabbare. Ana iya cire shi da ruwan magani ba tare da gurzawa ba, amma duk cirewa tana tafiya da wani abu. Karcen da ke ƙasa kuwa na toka ne, ba na ƙwai ba, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Ɓarnar toka ta fi ta ƙwai nesa ba kusa ba.

Kuma kada a manta, fatakar 1913 giram 11.3 ce, azurfarta kashi 92.5 cikin ɗari. Daga 1920 ne aka rage azurfar, daga baya aka daina sa azurfa gaba ɗaya. Ko an wanke, azurfar tana nan. Ba ta zama banza ba, daraja ce ta sauka.

Baban Hanifa, maƙerin naka ya auna liyarin?

Baban Hanifa, Zariya:
Ya auna, 27.7. Maganaɗisu bai kama shi ba. Ya ce azurfa ce. Amma ya faɗa min wata magana da ta tsaya min a rai, wai duk da 1780 ke rubuce a jikinsa, ba lallai ne a shekarar aka buga shi ba. Ni kuwa saboda shekarar na biya 90,000.

Dokta, Birmingham:
Maƙerinka ya san aikinsa. Cikakken liyari giram 28 ne da ɗigo kaɗan, azurfa kashi 83.3, to 27.7 ya yi daidai da wanda ya sha hannu aka kuma ɗan gurje gefensa. Shekarar kuwa, Mariya Teresa sarauniyar Ostiriya ta rasu a 1780, amma 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da nan Afirka sun riga sun saba da kuɗin, ba sa karɓar wani. Sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba canji. An buga a Vienna, an buga a Rum, da Landan, da Paris, da Bombay, har da nan Birmingham, sama da miliyan 300 jimilla, kuma Ostiriya tana buga shi har yau. Lokacin da Bajamushen matafiyin nan Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500. Wato naka zai iya zama ya zo ta Sahara a kan raƙumi, zai iya zama kuma kakanka ya girme shi. Ana rarrabewa ta wasu ƙananan alamu, kamar yawan duwatsun da ke jikin maɓallin kafaɗarta da siffar haruffa, amma aiki ne na masana.

Sai dai a nan ba na bayanka. Na koma na karanta tallan Alhaji, cewa ya yi "liyari mai 1780". Bai ce an buga a 1780 ba. Abin da ke rubuce ya faɗa.

Alhaji Mai Kayan Da, Kano:
Yawwa Dokta. Ni kaina sai yau na ji wannan tarihin. Mu dai mun taso mun ga duk liyari shekararsa ɗaya, ba mu taɓa tambayar dalili ba.

Malam Na Tudun Wada:
Wannan ba aibi ba ne, zato ne mai saye ya yi wa kansa, ba a shardanta masa ba. A cire shi daga lissafi.

Amma maganar ƙwai ta canza mas'alar fataka. A Risala an kawo cewa idan wani sabon aibi ya sami kaya a hannun mai saye, to zaɓinsa ya zama biyu: ko ya riƙe kayan a biya shi gwargwadon abin da tsohon aibin ya rage, ko ya mayar ya biya gwargwadon ɓarnar da ta faru a hannunsa. Ba zai mayar da ita haka kawai ya karɓi 60,000 cif ba. Wani malamin ma zai ce tunda ya gani ya kama yi mata aiki, ya nuna ya yarda. Ni ban tafi nan ba, saboda ya riga ya yi magana a rana ta biyu aka ƙi sauraron sa.

Barista:
Na shigo a makare. Ta fuskar doka a taƙaice: dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya saya ta hanyar siffantawa in abin da aka kawo bai dace da siffar ba. Rubuta "ba a dawo da kaya" a ƙofar shago ba ya goge wannan. Kano kuma tana da kotun ƙananan ƙararraki tun 2019, an tsara ta ne a gama shari'a cikin kwana 60, ba dole sai da lauya ba. Hujjojin da ke hannun Admin, hoto da saƙon murya da shaidar tura kuɗi, sun isa a shigar da ƙara.

Wannan a matsayin lauya na faɗa. A matsayin ɗan zaure kuwa, ku lissafa kuɗin motar Zariya zuwa Kano sau huɗu ko biyar, da ranakun aiki, sannan ku tuna sai kun nemo wanda zai zauna ya fahimtar da kotu dalilin da ya sa kuɗi mai datti ya fi mai ƙyalli tsada. Nan cikin awa uku an gama wannan bayanin kyauta.

Dokta, Birmingham:
A kasuwar intanet ta eBay da wannan ta faru, kwana 30 mai saye ke da su ya ce kaya ba su dace da bayani ba, kuma mai sayarwa ke biyan kuɗin dawowa. Amma sharaɗinsu a dawo da abu yadda aka karɓe shi. Ko can ƙwan nan zai ba ka matsala.

Admin:
To, an ji kowa. Na kira Alhaji da Baban Hanifa a waya, duka sun yarda mutum uku su duba: Malam, Ɗan Maƙera da Dokta, kuma abin da suka ce shi ke nan. A dakata da rubutu har bayan isha'i.

Admin:
Salam. Ga abin da suka cimma.

Liyari zai koma wa Alhaji, ya mayar da 90,000. Aibin ya riga ciniki, ba a nuna ba, kuma mai saye bai taɓa shi da komai ba. Baban Hanifa zai ɗauki bidiyonsa a kan sikeli da kuma lokacin da yake naɗewa, kada gobe a ce an musanya.

Fataka za ta zauna a Zariya. Dokta ya ce wankin ya rage mata 30,000, Ɗan Maƙera ya ce 20,000. Malam ya ce tunda masanan biyu sun saɓa, a tsaya a tsakiya, 25,000.

Alhaji Mai Kayan Da, Kano:
Na karɓi na liyari, ba gardama. Amma 25,000 a kan fataka ta yi yawa. Ni 48,000 na saye ta a hannun wani dattijo daga Gwarzo. In na mayar da 25 na faɗi 13,000 a kan abin da na yi don kyautatawa. A bar shi 15.

Baban Hanifa, Zariya:
Alhaji, mun ce abin da suka yanke shi ke nan.

Malam Na Tudun Wada:
Haka aka yi alkawari, kuma haƙƙinka ne 25. Sai dai ina tuna maka, kai ma zauren nan ya yi maka sassauci a kan abin da ba ka faɗa da wuri ba.

Baban Hanifa, Zariya:
Na ji, Allah gafarta Malam. Alhaji ya ba da 20, na yafe 5. Amma kuɗin motar dawo da liyari ba ni zan biya ba.

Alhaji Mai Kayan Da, Kano:
Na biya. Turo lambar asusu. Kuma ɗana, ka yafe min maganar da na yi maka a waya ranar nan, zafi ne.

Baban Hanifa, Zariya:
Ba komai Alhaji, Allah ya yafe mana. 110,000 sun shigo yanzu. Gobe da safe zan kai tasha.

Admin:
Alhamdu lillahi. Daga yau duk mai sa kaya a nan, hoto uku: gaba, baya, gefe, a hasken rana, ba fitilar waya ba. A rubuta nauyi in azurfa ce. Kalmar "lafiya ƙalau" ita kaɗai na hana ta, a faɗa ɓaro-ɓaro: an wanke ko ba a wanke ba, an huda, an liƙe, an yi wa takarda guga. Bayan an ɗauki hoto kada a sake taɓa kaya. Mai saye yana da kwana uku daga karɓa, kuma in zai yi ƙorafi kada ya sa wa abin komai, ko ruwa. Cinikin da ya haura 100,000, wanda ya so ya ajiye kuɗin a hannuna har kaya su isa.

Na Kantin Kwari:
Admin ya zama dillali ke nan. Nawa ne la'ada?

Admin:
Addu'a.

Ɗan Aji Uku:
Dokta, cikin kwabban kakana akwai guda biyu da makilin bai kai kansu ba, masu huda a tsakiya da tauraro, an rubuta 1936 da sunan Edward. Su ma in bar su da dattinsu?

Dokta, Birmingham:
Bar su! Duba ko Edward na Takwas ne, wanda ya sauka daga sarauta a Disambar shekarar. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma namu na Afirka ta Yamma sun fita, tunda ba hoton sarki a jiki, suna ne kawai. An buga su da yawa, ba za su sai maka mota ba, amma abin ajiyewa ne. Riƙe su ta gefe, ka sa a takarda, ba leda ba.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Alhaji, in liyarin ya iso kada ka mayar da shi cikin kwalba. Ni ina so. Tabon bai dame ni ba, kunnen zan sa a mayar masa, jikata za a yi wa aure bayan Sallah. Surukina yana shigowa Kano ran Laraba sayen kaya, zai biya ka hannu da hannu, kada Malam ya ce mun yi ba daidai ba. Amma fa 90,000 ba da ni ba, yanzu kowa ya san abin da ke gefensa. Na taya 70.

Alhaji Mai Kayan Da, Kano:
Albarka, Hajiya. Kin ji Dokta ya ce wataƙila a kan raƙumi ya zo.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Ya kuma ce wataƙila kakan Baban Hanifa ya girme shi. 75, kuma kada yaronka ya kusance shi da toka.

Alhaji Mai Kayan Da, Kano:
Kawo 80 in sallama.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Turo min hoton gefen tukuna.